Sharhi kan zagayen hawa hasumiyar majami'ar Salisbury

Mai ziyarar babbar majami'ar Salisbury da ke kudancin Ingila yana iya tsayawa a ƙasa ya kalli ginshiƙai da tagogi ya tafi, amma a ganina wanda bai biya kuɗin hawa hasumiya ba, rabin ginin kawai ya gani. An aza harsashin majami'ar a 1220, aka kammala babban jikinta a 1258, shi ya sa salonta na Gotik, wato tsohon salon ginin Turai mai bakuna masu tsini, ya tafi bai ɗaya, saɓanin takwarorinta da aka yi ta ƙari a kansu zamani bayan zamani.

Tun kafin mu fara hawa, jagoranmu ya sa muka tsaya a gindin ginshiƙan tsakiya muka ɗaga kai, sai ga su sun ɗan lanƙwashe, abin da ido ke gani ƙarara. Dalili shi ne, hasumiyar da tsininta mai tsawon mita 123, wanda babu kamarsa a majami'un Birtaniya, a ƙarni na 14 aka ɗora su, suka ƙara wa ginin nauyin tan dubu shida da ɗoriya, alhali zurfin harsashin bai kai mita ɗaya da rabi ba, kuma a kan tsakuwa mai jiƙe da ruwa yake zaune.

Matakala 332 ake takawa, wasu na dutse ne masu murɗewa, ƙuntatattu ƙwarai, don haka mai ciwon gwiwa ko mai tsoron bisa ya yi shawara da kansa tukuna. Ana hutawa a hanya, har a bi ta ƙarƙashin rufi, inda ake ganin bayan bakunan da suka riƙe ginin, babu fenti babu ado. A ƙarshen hawan ne kuɗina suka fita: daga gindin tsinin ana hango ƙirar katako ta zamanin da, sarƙe da juna har can sama, ga kuma ƙaton gargaren da ake jawo kayan aiki da shi. Jagoran ya yi bayanin ɗaurin ƙarfen da masanin gine-gine Christopher Wren ya ba da shawara a ƙara bayan bincikensa na 1668, bai kuma gaji da tambayoyinmu ba.

Mutane kaɗan ake ɗauka a kowane zagaye, saboda haka a kama gurbi tun da wuri. In an sauko, a leƙa kwafin Magna Carta na 1215, wato takardar yarjejeniyar da ta taƙaita ikon sarkin Ingila, ɗaya daga cikin kwafi huɗu da suka rage.