Sharhi kan faifan The Day the Earth Stood Still (1951)

Kafin ka biya, duba shekarar da ke bayan kwali. Akwai wanda aka sake yi a 2008 da Keanu Reeves, sunan ɗaya, amma bai kama ƙafar na asali ba.

Na asalin, wanda Robert Wise ya ba da umarni, baƙi da fari ne, minti 92. Klaatu, wani baƙo daga sararin samaniya, ya sauka da kumbonsa a Washington, soja ya harbe shi, ya sulale daga asibiti ya kama ɗaki a gidan haya da sunan Carpenter. Nan daɗin fim ɗin yake: baƙo daga wata duniya zaune a teburin karin kumallo, ana zaginsa a rediyo, yana sauraro shiru. Sai wurin da ya ɗauke wutar duniya na rabin awa, ban da asibitoci da jirage masu tafiya a sama.

Hoton kusan murabba'i ne, 1.37:1, don haka baƙin filin da ke gefen allo ba matsala ba ce. Kada ka ja shi ya cika talabijin, fuskoki za su baje. Aibinsa ɗaya: hoto mai kaifi yana tona asirin Gort, mutum-mutumin da ya zo tare da Klaatu: rigar roba ce, tana lanƙwashewa a gwiwa idan yana tafiya.