Igiya, duwatsu da furanni: sati tara a wajen daktora a Gadarif

Ƙarar babur ce ta kai ni wurin. Wata safiya ina tuyar ƙosai a tsakar gidan da muke haya a Gadarif ta ƙasar Sudan, wani yaro ya tsaya da babur a ƙofa. Ban san lokacin da na saki matsami na shige ƙarƙashin gado ba. Mai ya ƙona min ƙafa, ban ma ji ba sai da 'yata ta jawo ni tana kuka.

Mu mutanen Madani ne, a can nake koyarwa a firamare. Da garin ya faɗi a yaƙin Sudan a Disamba 2023 muka gudu Maiwurno wajen dangin mahaifiyata, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Wata shida muka samu, sai yaƙi ya iso Sinja, babban birnin jihar da Maiwurno take, a ƙarshen Yuni 2024, muka sake ɗaure kaya cikin damina. A wannan hanya ne masu bindiga suka sauke ƙanena daga lori a kan idona.

Daga nan barci ya ƙaurace min. Gwaggo ta ce iska ce. An yi min ruƙiyya, na sha rubutu, kuma raina ya yi sanyi, ba zan musa ba. Amma jikina bai daina zabura ba. Ƙwayar barcin da na saya a shagon magani kuwa kayar da ni kawai take yi, in farka da abin yana nan daram.

Maƙwabciyata ce ta nuna min wata 'yar cibiya mai ɗaki biyu a jikin wani asibiti, inda ake ganin waɗanda yaƙi ya firgita, kyauta. Matar da ta karɓe ni masaniyar halayyar ɗan Adam ce, ba ta rubuta magani, amma kowa daktora yake ce mata. Ranar farko ta ce, "Ustaza, ba hauka kike ba. Wannan sadma ce, wato ciwon firgici, kuma ana warkewa." Ba ta ce in bar addu'a ba, ta ma ce in riƙe ta gam.

A zama na biyu ta shimfiɗa igiya a kan tabarma, ta ajiye kwanon duwatsu da 'yan furannin roba. Bakin igiyar ranar haihuwata ce. Kowane abin farin ciki fure, kowane tashin hankali dutse, a jere yadda suka faru. Na sa fure a saukar Alƙur'ani, fure a aurena, dutse a rasuwar Baba. Da na zo kan lorin nan na ɗauki dutse mafi girma, hannuna yana rawa, na daɗe kafin in iya ajiye shi. Ragowar igiyar ta bar ta a naɗe, ta ce wannan kwanakin da ke gaba ne.

Sauran makonnin bin igiyar muka yi, awa ɗaya da rabi kowane zama. Ta bayyana min cewa firgici yana raba tunani gida biyu. Akwai mai zafi: wari, ƙara, bugun zuciya. Akwai mai sanyi: a ina ne, wace rana, me ya biyo baya. Idan mai zafin ya rabu da mai sanyin, ƙarar babur a Gadarif sai ta mayar da mutum hanyar Sinja kamar yanzu abin yake faruwa. Aikin shi ne a ɗinke su. Shi ya sa ba ta barina in tsallake. "Rana ta kai ina? Wa ke kusa da ke? Me kika ji a hancinki?" Warin dizal da jiƙaƙƙen buhun dawa. "To, yanzu kina ina?" Ina Gadarif, a kan tabarma. Tana rubuta duk abin da na faɗa, sati na gaba ta karanta min, in gyara inda ta yi kuskure.

Abin da wuya, kada wanda ya yaudare ku. Bayan zama na huɗu na yi kwana biyu ban runtsa ba, na ce ba zan koma ba. Ta riga ta gargaɗe ni cewa hakan kan faru, shi ya sa na daure. Zuwa sati na bakwai na fara kwana har kiran asuba.

Ana kiran hanyar NET, wato jinya ta hanyar ba da labarin rayuwa, masana a jami'ar Konstanz ta Jamus ne suka tsara ta. Da na bincika sai na ga ashe a kan 'yan Sudan aka gwada ta, mutum 43 a sansanin Imvepi na Yuganda, aka wallafa sakamakon a 2004. Bayan shekara guda, kashi 29 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa ita ne ke da ciwon, alhali waɗanda aka ba shawara da lallashi kawai kashi 79 ne.

Cibiyar tana da nata aibi. Tsakanin ɗakin da masu jira labule ne da katako, dole mutum ya yi ƙasa da murya a daidai lokacin da kuka ke son fita. Sau ɗaya na biya kuɗin raksha, wato keke mai ƙafa uku, na zo na tarar an ɗage zaman ba sanarwa. Na tambayi EMDR, hanyar motsa idanu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2013, aka ce ba wanda ya koye ta a wurin. Wanda ya fi ci min rai shi ne harshe. Komai da Larabci ake yi. Na ga wata tsohuwa daga Damazin wadda Hausa kaɗai take sakewa da ita, jikanta saurayi ne ke yi mata tafinta. Ta yaya mace za ta faɗi abin da aka yi mata a gaban jikanta? Zama biyu ta yi ta daina zuwa.

Ranar ƙarshe daktora ta karanta min labarina tun daga haihuwa, muka sa hannu, ta miƙo min takardun. Suna cikin akwati tare da takardun makarantata. Har yanzu in babur ya tsaya gabana kan faɗi, amma ina tsayawa a bakin kaskona. Na nemo gidan da tsohuwar nan ta sauka, na ce, "Inna, in ni ce zan zauna a madadin jikanki fa?" Ta yi shiru, can ta ce to. Daktora ta amince. Ranar Lahadi da ƙarfe tara za mu je.