GARGAƊI: An ci min dala 9,200 a kan Luger ta jabu

Assalamu alaikum jama'a. Wannan rubutu na 'yan'uwanmu ne mazauna Amurka, musamman masu zuwa baje kolin tsofaffin bindigogi a Texas da jihohin da ke maƙwabtaka da ita. Akwai wani dattijon Bature da yake kafa tebur yana sayar da fistol na sojojin Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu. Ɗan damfara ne. Ya ci min dala 9,200. Dala dubu tara da ɗari biyu, lakadan, ni na ƙirga masa da hannuna. Lauya ya hana ni rubuta sunansa kafin a gama bincike, shi kaɗai ne dalilin da ba ku gan shi a nan ba. Amma saƙonninsa duk suna cikin wayata, da hoton rasit, da hoton takardar bogin da ya ba ni, kuma da zarar lauya ya ce to zan zuba muku su gaba ɗaya.

Kafin wani ya ce ai ɗan koyo ne, ku tsaya ku ji. Ina da lasisin tara tsofaffin bindigogi na gwamnatin tarayya, irin wanda ake bayarwa don waɗanda suka haura shekara 50. Na san Luger, wato fistol ɗin nan ta sojojin Jamus. A 1908 sojojin ƙasa na Jamus suka karɓe ta, shi ya sa ake ce mata P08. Kamfanin DWM sun ƙera, masana'antar gwamnati ta Erfurt ta ƙera, Simson na garin Suhl sun ƙera bayan yaƙin farko, sannan aikin ya koma hannun Mauser a Oberndorf. Ko daga barci aka tashe ni zan faɗa muku yadda Mauser suka riƙa ɓoye sunansu: S/42 tun daga 1934, harafin K a madadin shekarar 1934, G a madadin 1935, daga baya 42, sannan byf a 1941, har suka daina ƙera ta a 1942 suka koma wata fistol mai suna P38. Wanda ya san wannan ba a ce masa bai san abin da yake saye ba. Ni na duba. Wallahi na duba.

Abin da ya sayar min, wai Krieghoff ce ta 1940. Masu wannan harka sun san abin da sunan yake nufi. Ƙaramin kamfani ne a Suhl da ya samu kwangilar guda dubu 10 daga rundunar sojin sama ta Jamus, kuma abin da ya ƙera bayan nan kaɗan ne, alhali na Mauser dubun dubata ne. Shi ya sa take tsada, shi ya sa kowa yake mafarkinta. Ya ciro ta daga kuben fata, ya shimfiɗa ƙyalle a kan tebur ya ajiye. A saman gwiwar bindigar, wato ƙarfen nan da yake lanƙwashewa sama idan an harba, ga tambarin anka, H a wannan gefe, K a wancan, ga KRIEGHOFF SUHL a ƙasa. A saman wurin da harsashi ke shiga ga 1940 raɗau. A gefen dama ga gaggafar sojin sama da lamba 2. Lambobi biyu na ƙarshe a kan kunama, a kan farantin gefe, a kan makullin kariya, duk iri ɗaya. Na sa gilashin ƙara girma na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ku gaya min, me ya rage mutum ya duba a tsakiyar kasuwa, mutane na bangazarsa ta baya?

Au, na tsallake abin da ya fi muhimmanci. Ba ranar na fara saninsa ba. Tun a bara na sayi P38 a hannunsa a kan dala 850, kuma ta gaske ce, har yanzu tana wurina. Ƙirar kamfanin Spreewerk ce, ga ɓoyayyen sunansu cyq a jikinta, ga hatimin masu duba aiki, gaggafa da 88, ga kaushin aikin injin nan da aka san su da shi. A ranar ma shi da bakinsa ya hana ni sayen wata a teburin da ke kusa, wadda aka rubuta wa ac, ɓoyayyen sunan kamfanin Walther, amma hatimin jikinta 135 ne na Mauser maimakon 359 na Walther. Ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, kada ka taɓa waccan, haɗe-haɗe ce." Kuma gaskiya ya faɗa! Mutumin da ya tsare maka kuɗinka daga hannun wani, ta yaya za ka zarge shi? Yanzu na gane zuma ce ya lasa min a baki. Dala 850 ta gaskiya don ya samu 9,200 ta ƙarya.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne hoton. Ba bindigar ba, hoton. Ya buɗe wani tsohon ambulan ya ciro hoton wani saurayi cikin kakin sojan Amurka, ya ce mahaifinsa ne, shi ya dawo da ita daga Jamus a 1945. Ya nuna min takardar izinin da rundunar Amurka ke ba sojojinta don su shigo gida da abin da suka ƙwato, ta yi ja don tsufa, an buga lambar bindigar a jiki. Ya ce matarsa ba ta da lafiya, kuɗin asibiti ya ci ƙarfinsa, in ba haka ba har ya mutu ba zai rabu da ita ba. Idonsa ya kawo ruwa. Na ga ruwan da idona. Ya ce, "Na fi so ta je hannun wanda ya san darajarta, ba dillali ba." Ya dafa kafaɗata. Ni da aka tarbiyyantar da ni a kan girmama furfura, dattijo mai kusan sa'ar mahaifina yana hawaye a gabana, in ce masa kawo in warware ta in gani ko ƙarya kake? To ai na ma tambaya. Na tambaya! Na ce ko zan iya zare farantin gefe in raba saman da ƙasan. Sai ya ce mahaifinsa bai taɓa buɗe ta ba, yana tsoron a ƙarce ta, idan na biya in buɗe a gida, in na ga wani abu in kira shi a kowane lokaci. Ya rubuta lambar wayarsa a bayan rasit. Yanzu duk dare sai wannan dafa kafaɗar ta dawo min.

Ya fara da 11,000. Na yi ciniki har 9,200, ina jin kunyar matsa wa mai jinya. Jin kunya fa. Kuɗin da muka daɗe muna tarawa, har uwargida ta ce, "Maigida, ka tabbata kuwa?" na ce mata wannan kadara ce, darajarta hawa take yi ba sauka ba. Kuma da ta gaske ce, maganata tana nan daram.

Wanda ya tona asirin wani dattijo ne da ya daɗe a harkar Luger, da shi muke zuwa filin harbi. Na kai masa ne don ya taya ni murna. Ya karɓa, ya juya bayanta, ya yi shiru. Sai ya tashi ya ɗauko fitila. Ya ce in kawo babban yatsana in shafa bayan gangar jikin, saman inda ake ɗaura igiya. A Krieghoff ta gaske akwai wata alamar aikin inji a wurin da masana ke ganewa da ita. Wannan babu. Abin da ke wurin sawun zarto ne. Mauser na waɗannan shekarun suna da ɗan tudu a bayan gangar jiki, to shi aka goge aka shafe da sabon fenti. Sai ya warware ta cikin ƙiftawar ido, abin da aka hana ni yi a kasuwa. Ya auna kaurin gwiwar, ta fi yadda ya kamata siranta, don an kankare 42 na Mauser an buga anka a gurbinsa. Ya karkata fitilar a gefen dama, sai ga ragowar 655 tana leƙowa daga ƙarƙashin gaggafar sojin sama. Hatimin masu duba aikin Mauser ke nan a 1940. Shekarar ma ba su sha wahalar canzawa ba, domin Mauser 42 ta 1940 ita ma 1940 ɗin ce rubuce a samanta. Ƙananan ƙarafan da ke da ruwan zinare kuwa, Mauser sun daina wannan launi tun 1937, da wuta aka sake gasa su.

Sai lambar. Wannan ita ta gama da ni. Mauser suna buga lamba har huɗu ne da ƙaramin harafi a ƙasa, idan dubu 10 suka cika sai a koma farko da sabon harafi. Krieghoff na soja ba su da harafi, lambarsu miƙewa take yi, kuma ta 1940 ta riga ta haura dubu 10. To ɓarawon nan ya goge harafin, ya ƙara 1 a gaban lambar. Idan ka ɗora gefen kati a ƙarƙashin lambobin, za ka ga 1 ɗin farko ta ɗan ɗaga sama da sauran, kuma ta fi su zurfi. Gashin kai ɗaya ne tsakaninsu. Ban ga wanda zai kama wannan da fitilar rufin kasuwa ba, ko waye shi. Takardar 1945 ɗin ma, takardar tsohuwa ce, amma layin da lambar take da wani tafireta daban aka buga shi. Ina da hotunan duka, an ɗauke su da kyau, za ku gani.

Dattijon da ya tona asirin ya ce ko da ba a taɓa lambar ba, Mauser da aka sake wa fenti haka ba za ta wuce dala 1,000 ba. Na biya 9,200.

A wurin na kira lambar da ke bayan rasit. Ko kuwa a mota ne, na manta, kaina ya ɗau zafi. Ya ɗauka, har da tambayata ya iyali. Da na faɗa masa, ya ce shi bai san komai ba, haka mahaifinsa ya bar ta, amma in ba shi zuwa ƙarshen mako zai mayar min da kuɗina. Ya turo saƙo ma a rubuce: zai biya. Yana nan a wayata. Ƙarshen mako ya zo, waya a kashe. Masu shirya kasuwar suka ce sunan da ya yi rajistar tebur da shi ba shi ne wanda ke kan rasit ɗina ba. Kafin nan ma, ko bayan nan ne, wani mai tebur ya gaya min ya taɓa ganin hoton saurayin nan mai kaki tare da wata bindiga daban, Walther PPK, da labarin matar da ba ta da lafiya. Hoto ɗaya. Allah kaɗai ya san ɗan wa ne a hoton nan, da kuma mutum nawa aka yanka da shi.

Kuma masifar ba ta tsaya a kuɗi ba. Lauya ya ce min a dokar tarayyar Amurka laifi ne mutum ya ajiye bindigar da aka goge ko aka canza lambarta yana sane. Daga ranar da na sani, zamanta a gidana haɗari ne a kaina, ni baƙo mai iyali a ƙasar mutane. Ba zan iya sayar da ita ba, ba zan iya ajiye ta ba. Ta hannun lauya aka miƙa ta ga hukuma. Ba ni ga tsuntsu, ba ni ga tarko, ga kuɗin lauya a kan 9,200. Allah ya isa tsakanina da mutumin nan. Ban yafe ba.

Masu turo min saƙo suna cewa me ya kai Bahaushe tara bindigogin Jamus, ku bar ni da abin da ke damuna. Tarihi nake so, ba aƙidar waɗanda suka riƙe su ba, kuma Jamusawa ba baƙin tarihinmu ba ne, an gwabza da su a Garwa a 1915, a dutsen Mora har 1916. Masu cewa daga gida in aiko musu da irinta kuma, kada ku sake tambayata, doka a Najeriya ba ta yarda mutum ya ajiye fistol haka kawai ba.

Shawara a taƙaice: wanda ya hana ka warware bindiga, tashi ka bar masa teburinsa. Kada ka biya kuɗin labari, ko da hawaye. Kada ka ba da lakadan ba tare da ganin katin shaidarsa ba. Duk abin da aka ce Krieghoff ne, ko mai tambarin SS, rundunar nan ta 'yan Nazi, kai wa masani kafin ka biya.

Dogo ne, mai farin gemu, yana ɗan ɗingishi, teburinsa da koren ƙyalle, kuma ambulan ɗin hoton yana cikin aljihun rigarsa na gaba. Duk wanda ya gan shi a wata kasuwa, ko ya taɓa sayen wani abu a hannunsa, ya turo min saƙo ta akwati, lauya yana neman ƙarin mutane.