Wani gidan jinya mai zaman kansa a Gusau: abin da takardunsa suka nuna

A Gusau tsoho a ɗakinsa ake jinyarsa, 'ya'ya da surukai na karɓa-karɓa. Amma idan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mutum, aka sallamo shi daga asibitin tarayya na FMC ko asibitin Yariman Bakura da robar fitsari da ta abinci a hanci, jinyar kan fi ƙarfin gida. A nan ake neman ƙananan gidajen jinya da haihuwa da nas-nas ke buɗewa. Wanda muka duba irin wannan ne, kuma mun sakaya sunansa. Ɗakin maza ɗaya, na mata ɗaya, sai ɗakin haihuwa a gefe. Da takardunsa muka auna shi, sannan da abin da ido ya gani a bakin gado.

Takardun bango ba su da matsala. Rajistar Ma'aikatar Lafiya ta jiha tana nan, an sabunta ta. Lasisin mai gidan na Hukumar Nas-nas da Ungozomomi, NMCN, bai ƙare ba. Likitan da ke leƙowa yana da na hukumar likitoci, MDCN, na bana. Sai dai kada wannan ya ruɗe ku. Lasisi na mai suna ne, kuma mai sunan ba shi ke kwana da marasa lafiya ba.

Abin da ya fi amfani shi ne rahoton jami'an duba, kuma guda ɗaya ba ya isa. Ku nemi biyu a jere, ku ajiye su gefe da gefe. A nan, na farko ya kawo laifi uku: kwalin zuba allurai ya cika har baki, alhali a kashi uku cikin huɗu ake rufe shi, tukunyar kashe gobara ta wuce wa'adinta, firjin magani ba a bin zafinsa yadda ya kamata. A rahoto na biyu an gyara kwali, an canza tukunya, maganar firji kuwa ta sake dawowa. Laifin da aka gyara ba abin tsoro ba ne, ko'ina akan samu. Wanda ya maimaitu shi ke nuna halin gida.

To, firjin. Insulin na masu ciwon suga da allurar oksitosin da ake tsayar da jini da ita bayan haihuwa suna son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, a duba safe da yamma a rubuta. Takardar da ke manne a ƙofar firjin cike take, babu gurbi ko ɗaya: 5, 5, 5, tun daga ɗaya ga wata har ƙarshensa, biro ɗaya, hannu ɗaya, har ranakun da mai rubutun ba ta cikin jadawalin aiki. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wuta na zuwa tana tafiya, babu firjin da zai tsaya cak haka. A zama ɗaya aka cike ta. Illar kuwa a ɓoye take, don insulin da zafi ya taɓa ba lallai ya canza kama ba, sai dai a ga sugan Baba ya ƙi sauka, a yi ta ƙara masa awo. Gidan yana da sola, amma fitilu da fankoki aka haɗa, aka bar firji a layin NEPA da janareta. Gyaran da mai wayarin zai gama da hantsi ne.

Wajen tsafta sun cancanci yabo. Littafin tukunyar dafa kayan aiki yana nuna digiri 121 na minti 30 ga kayan da aka naɗe, kuma kowane layi an manna masa ɗan tef ɗin da ke canza launi, wanda ba a iya ƙirƙira da biro. Ruwan kulorin na kashi 0.5 da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi kullum ake haɗa sabo. A kabad ɗin magani ba mu ga abin da ba shi da lambar NAFDAC ba, kuma masu kusan ƙarewa ne a gaba. Jakunkunan fitsari a rataye suke ƙasa da mara, ba sa taɓa siminti. Ƙaramin abu ne, amma shi ke hana fitsari komawa baya ya jawo cuta.

Littafin haɗurra ma ya burge mu, saboda akwai rubutu a ciki: wata tsohuwa ta zame a banɗaki, an rubuta lokaci, an kira likita, an sa ƙarfen dafawa a bango. Gidan da ke jinyar tsofaffi ya ce muku babu wanda ya taɓa faɗuwa, rubutawa ce ba ya yi. Haka littafin tura marasa lafiya, yana nuna suna miƙa mutum babban asibiti da wuri, ba sa riƙe shi don kuɗin gado.

Dare ne raunin gidan. Jadawalin aiki ya nuna nas ɗaya da mataimakiya ɗaya daga bayan isha'i zuwa safe, kuma nas ɗin ita ce ta ɗakin haihuwa. Wanda ba ya iya motsi ana so a juya shi duk awa biyu. Takardar juyi tana tafiya daidai da rana, tana kaiwa sha biyun dare sai ta yanke, ba ta ci gaba sai shida na safe. Awa shida a ɓari ɗaya ya isa fara gyambon kwanciya. Wannan kuna iya tantancewa da kanku: ku ɗaga zani ku duba dunduniya, kwankwaso da ƙashin ƙasan baya. A baƙar fata ba ja ake gani ba. Wurin yakan yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi sheƙi, ya yi ɗumi ko tauri idan an taɓa. Da kun ga haka ku yi magana a ranar, a sa matashi a ɗage dunduniyar daga katifa.

Tukunyar oksijin guda ce, babu ta ajiya, saboda haka mai wahalar numfashi ba nan ne wurinsa ba. Mai amfani da insulin ku dakata da kai shi har sai kun ga firji a kan sola da ma'aunin zafi a ciki. Wanda wankin ciwo, ciyarwa da gashin ƙashi yake buƙata na 'yan makonni zai samu kulawa mai kyau, in dai wani daga gida zai riƙa kwana, ya sa ƙararrawar waya ƙarfe biyu da ƙarfe huɗu na dare, ya taya mataimakiyar juyi.