Kafin alƙalamin da ya ɓace, da matar da ta gano inda yake zubewa

Sati uku ke nan da muka karɓo kwamfutar shago daga hannun matar da ta gyara mana manhajar lissafi, kuma mutum huɗu a layinmu na babbar kasuwar Garwa sun riga sun tare ni da tambaya ɗaya: shin aikinta ya kai kuɗin da ta karɓa? Ya kai. Sai dai akwai abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya ɗauki na'urarsa ya nufi wajenta.

Ni ke riƙe wa Baba lissafi. Sari muke sayarwa, shinkafa da sukari da fulawa da man girki da sabulu, kuma fiye da rabin cinikinmu bashi ne ga masu kantuna na Pitowa, Ngong, Lagdo, Figil da Gidar. Mutum ya ɗauki kaya, ya ajiye kafin alƙalami, a yanke ranar da zai cika. Shekara biyu da suka wuce wani ɗalibi ya rubuta mana manhaja, ta yi ta aiki lafiya. A watan Maris na ce ya ƙara mini gurbi biyu a fom ɗin sayarwa, ɗaya na kafin alƙalami, ɗaya na ranar cikawa, don in daina rubuta su a gefen rasit kawai. Ya ƙara a yini guda, na biya shi, bayan wata biyu ya samu aiki a Duwala ya tafi.

A watan Agusta na buɗe jerin masu bashi, na ga sunan wani dattijo na Gidar, abokin cinikin Baba tun ina makarantar firamare. Buhu 20 na shinkafa, sefa dubu 500, kuma manhaja ta nuna bai ba da ko dala ba. Na kira shi da ladabi na tuna masa. Bai yi musu a waya ba. Washegari da hantsi sai ga shi a ƙofar shago, ya yi tafiyar kusan kilomita 100 cikin damina, ƙafar wandonsa duk taɓo. Ya gaisa da Baba da Fulatanci kamar yadda suka saba, ya ƙi zama a kujerar da na jawo masa. Ya cire hularsa, ya zaro wata takarda da ya ninke huɗu a cikinta, ya shimfiɗa a kan buhun sukari. Rasit ɗinmu ne, rubutun hannuna ne, kafin alƙalami dubu 200. Ya ce, "Ɗana, duba da kyau, ko idona ne ya fara gajiya." Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, laifin daga wajenmu yake." Baba bai ce mini komai ba a gabansa, kuma shirun nan ya fi mini faɗa ciwo.

Abin da ya fi damuna shi ne na yi kwana biyu ina zargin yaron da ke taya ni shigar da rasit, ɗan yayata ne, har na fara ƙirga aljihun tebur a bayan idonsa. Sai da na zauna da kaina na shigar da ciniki na gwaji, na rubuta dubu 50 a gurbin, na danna ajiyewa, koren saƙo ya fito cewa an adana, na koma jerin na ga sifiri. Nan na gane yaron ba shi da hannu.

Wani mai sayar da kayan gini ne ya kwatanta mini wajenta. Ɗan ofis ne a saman wani shagon buga takardu, ba allo a ƙofa, tebur biyu da fanka ɗaya da yara biyu masu koyon aiki. Tun kafin ta taɓa komai ta yi abu biyu da suka kwantar mini da hankali. Ta kwafe rumbun bayanan gaba ɗaya a kan ma'ajiya biyu, ta miƙo mini ɗaya ta ce in sa a aljihu. Sannan ta faɗi kuɗinta a fili: dubu 15 na bincike, ko an gyara ko ba a gyara ba, sauran kuma sai ta ga girman ɓarnar.

Yadda ta yi binciken shi ne dalilin wannan rubutu. Ta ce, "Malam, in buhu ya fita daga sito bai isa kanti ba, yaya kuke yi?" Na ce muna bin sa zango zango, mai dako, mai amalanke, direba, mai saukewa. Ta ce haka za mu bi dubu 50 ɗin nan. Ta jawo mini kujera kusa da ita.

Zangon farko fom ne. Ta danna F12 a birawuza, wani ɓangare ya buɗe a ƙasan allo mai nuna duk abin da fom ya aika. Ta ce a nan ake yawan samun ɓatan kaya: gurbin da aka manta ba a sa masa suna ba ba ya tafiya, wanda aka kashe shi don kada a taɓa ba ya tafiya, akwatin da ake sa wa alama shi ma in ba a sa ba babu labarinsa. Namu duk sun tafi. Ga 50000 nan ina kallo, ga ranar cikawa.

Zango na biyu cikin manhajar ne. An gina tamu da Laravel, wani tsarin rubuta manhaja da harshen PHP wanda wani Ba'amurke, Taylor Otwell, ya fitar a 2011. A cikinsa kowane ciniki ƙunshi ne guda mai ɗauke da sunan mai saye da kaya da farashi, kuma wani sashe da ake kira Eloquent ne ke kwance ƙunshin ya zuba kowane abu a gurbinsa cikin tebur na MySQL, wato manhajar da ke riƙe rumbun bayananmu. Ta sa manhajar ta nuna abin da ta karɓa, kuɗin na nan. Ta sa ta nuna umarnin da ta aika wa rumbun, sai ga suna, ga kaya, ga jimla, babu kafin alƙalami, babu rana. Ta ɗora yatsa a kan allo ta ce tsakanin nan da nan buhun ya faɗi.

Ta buɗe wani ɗan fayil, ta nuna mini layi guda mai suna $fillable. Jerin sunayen guraben da aka yarda a cika kai tsaye daga fom ne, kamar takardar da ake ba mai gadi ta waɗanda za su shiga. Duk abin da ba ya cikin jerin, ana ajiye shi a waje ba tare da an yi magana ba. Ta ce da gangan aka yi shi haka, kuma da hujja, don kada wani ya cusa gurbin da ba a ba shi ba ya mai da kansa shugaban manhaja. Ta ba ni misalin abin da ya faru a 2012, lokacin da wani ya shiga GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ta irin wannan ƙofa don ya nuna hatsarinta. Ɗalibinmu ya ƙara gurbi biyu a fom, ya ƙara su a tebur, ya manta bai rubuta sunayensu a takardar mai gadi ba.

Na ɗauka an gama. Ta girgiza kai, ta ce da mantuwar nan kaɗai ce da tun ranar farko mun sani. Guraben biyu an yi su ne da sharaɗin ba a barin su wofi. In aka aiko ciniki babu su, MySQL na ƙin karɓa, ya fito da kuskure mai lamba 1364, wato wannan gurbi ba shi da abin da za a sa masa. Tun fitowar MySQL ta 5.7 a 2015 haka yake zuwa da wannan tsanani a kunne, shi ma Laravel a kunne yake barinsa. Ta buɗe fayil ɗin saiti, ga kalmar strict, wato tsananin nan, an mai da ita a kashe. Ta duba rajistar kurakurai ta ranar da aka yi aikin a watan Maris, ga 1364 sau shida a jere cikin minti 20, daga nan shiru. Ɗalibin ya ga jan rubutu, ya nemi hanyar da zai ɓace, ya samu. In aka kashe tsananin, rumbun ba ya ƙin komai: gurbin lamba ya sa masa 0, na rubutu ya bar shi fanko, na kwanan wata ya rubuta 0000-00-00. Wata biyar muna zuba kuɗin mutane a rariya, koren saƙo na ce mana an adana.

Ban riƙe ɗalibin a zuciya ba, na san gaggawa da ƙuruciya ne. Amma ƙararrawa ce ya cire wa waya don ta dame shi, kuma dattijon Gidar ne ya biya kuɗin mota.

Da ta mai da tsananin, wasu ɓarnar biyu suka fito da ban ma san da su ba. Mu nan da Faransanci muka koyi rubuta lamba, muna barin fili tsakanin dubbai. Duk inda aka rubuta 12 500 a gurbin farashi, rumbun ya karanta har inda filin yake ya tsaya, ya ajiye 12. Ciniki tara ta samu haka. Na biyun lambar waya ce. An yi gurbinta a matsayin lambar lissafi irin wadda ba ta wuce 2147483647. Lambobin wayar Kamaru alƙaluma tara ne tun 2014, suna shiga daidai, amma duk wanda aka rubuta masa da 237, lambar ƙasa, a gaba ya zama alƙaluma 12, ya fi ƙarfin gurbin, sai rumbun ya datse shi ya sa iyakarsa. Mutum 31 a jerinmu lambarsu ɗaya ce, 2147483647. Na sha ganinta ina cewa yaron shago ne ke wasa.

Gyaran kansa bai ɗauke ta yini ba. Ta sa sunayen biyu a jeri, ta mai da gurbin waya na rubutu, ta sa fom ya riƙa cire fili daga lamba kuma ya ƙi abin da ba lamba ba. Ta kunna wani saiti da Laravel ya kawo a fitowa ta 9, wanda ke sa manhaja ta yi ƙara in za ta yar da wani gurbi maimakon ta yi shiru. Akwai kuma shawarar da ta ba ni wadda na daɗe ina juyawa. Ta ce sifiri da "ba a rubuta ba" ba abu ɗaya ba ne. Sifiri na nufin mutum bai ba da komai ba. Abin da ba a rubuta ba kuwa rumbun na da alamarsa daban, NULL. Matsalarmu yanzu ita ce a cikin wata biyar ɗin nan wanda ya ba da dubu 200 da wanda bai ba da ko sisi ba duk sifiri ne a gabansu, ba mai raba su sai takarda.

A nan ne ta ƙara girma a idona. Na tambaye ta ko za ta iya dawo da kuɗaɗen da suka ɓace, na ce zan ƙara mata. Ta ce, "Malam, abin da bai taɓa shiga rumbu ba ba a fito da shi daga rumbu. Duk wanda ya ce maka zai iya, kuɗinka yake so." Abin da ta yi shi ne ta fitar mini da jerin duk cinikin da ranar cikawarsa ta zama sifiri zalla, guda 412, da lambar rasit ɗin kowanne, ta mai da kafin alƙalaminsu NULL don su fita daban da ja a allo har sai an cika su da hannu. Allah ya taimake mu Baba bai taɓa yarda a daina rasit mai kabon ba. Na sha yi masa ƙorafin kuɗin bugawa. Dare takwas ni da ɗan yayata muna zaune bayan isha'i, shi yana karantawa ina shigarwa, kuma a daren farko na nemi gafararsa.

Inda ban ji daɗi ba shi ne lokaci. Ta ce kwana biyu, ya zama biyar. Ɗaya ɗaukewar wuta ce, wannan ba laifinta ba ne, sauran kuwa aikin wasu ne ya sha gabanmu, kuma ba ta kira ta faɗa ba. Wayarta ba ta cika ɗauka ba, sai ka aika saƙo ta WhatsApp ka jira yamma. Kwana biyar shago na tafiya da littafi da biro a tsakiyar wata ba ƙaramin abu ba ne. Takardar bayanin aikin da ta ba mu shafi biyu ce da Faransanci mai nauyi, sai da na zauna na warware wa Baba ita da Hausa, alhali ita kanta tana jin Hausa da Fulatanci sarai, da baki ma da su ta yi mini bayani. Matakalar ofishin kuma tsaye take ƙwarai, dattijo ba zai hau da sauƙi ba.

Jimlar abin da muka biya dubu 70 ne, har da na bincike. Wani a layinmu ya ce da yawa, ɗalibi zai yi a dubu 10. Na ce masa ɗalibi ne ya yi mana na farko. A cikin kuɗin akwai dawowa sau ɗaya bayan sati biyu, kuma ta zo da kanta a kan babur, ta zauna a kan benci tsakanin buhuna, ta sa ɗan yayata ya shigar da ciniki uku a gabanta, ta buɗe tebur ta phpMyAdmin, manhajar leƙa cikin rumbun, ta nuna masa yadda zai riƙa duba layin ƙarshe da idonsa kowace Asabar. Ta gaida Baba har ƙasa, ta ce, "Alhaji, kada a bar rasit ɗin nan." Ya ce da ma bai yi niyya ba.

Wanda zai je wajenta ya tafi da safe, ya riƙe littattafan rasit da kalmar sirri ta kwamfuta, ya kuma tuna ranar da aka taɓa manhajar a ƙarshe, don ita ce tambayarta ta farko. Ya nemi a rubuta masa ranar karɓa a takarda.

Cikin 412 ɗin saura 23 da kabon ɗinsu ya dushe ba ya karantuwa. Waɗannan Baba ya ce ba ni zan kira ba, shi zai kira da kansa, ya tambayi kowa nawa ya bayar, kuma abin da mutum ya faɗa shi za a rubuta. Jiya ya gama da mutanen Pitowa, gobe in Allah ya kai mu na Lagdo.