Gargaɗi ga masu odar farin katin gayyata da ambulan ta waya

Assalamu alaikum jama'ar Sakkwato da kewaye. Don Allah duk mai biki gabanai ko mai sana'ar buga kati a gida ya tsaya ya karanta wanga, kuma a tura ma iyayenmu mata da 'yan uwanmu mata don su anka fi kamawa. Akwai wasu da ke tallar farin katin gayyata, wanda ba a rubuta komi bisa ba, mai zanen ruwan zinari a gefe, haɗe da ambulan nai, wai ka saya ka buga da firintarka a gida ka huta da tsadar masu ɗab'i. Tallar na yawo Facebook da Instagram da sitatus na WhatsApp, wani lokaci su ce Legas suke wani lokaci Kano. Ƙanwar matata sun cinye mata kuɗɗi ba ta ga ko ƙyallin kati ba, wata maƙwabciyarmu nan Mabera ita kaya sun iso amma gara ma da ba su zo ba, kuma da munka ajiye wayoyin biyu munka karanta hirar sai ga shi salo guda na, har gaisuwar iri ɗaya.

Ban sa suna ko lamba ba don sunan shafin an riga an canza shi, lambar asusun kuma ba mamaki ta wani bawan Allah ce da sunka ara ko sunka yaudara, kar in jawo ma wanda bai ji ba bai gani ba zagi. Salon nasu shi za ni faɗi, shi ba su iya canzawa.

Tambayar farko da mai tallar za ya yi miki ba guda nawa kike so ba ce, ba wane launi ba. Cewa za ya yi "Hajiya ranki ya daɗe yaushe ne bikin, Allah ya sa alheri". Ke kuma kin ji mutum mai ladabi sai ki faɗi. To daga nan kin ba shi wuƙa da nama, don ya san ranar da hankalinki za ya tashi, ya san kati sai an raba shi da sauran lokaci, dangi na Gwadabawa da Tambuwal da Illela sai an aika musu, ga goro da alawa da za a haɗa. Duk abin da za ya yi bayan nan lissafin ranar nan yake. In biki da nisa ya yi ta jan ki da fara'a, yau kaya na sito, gobe yaron shago bai zo ba, jibi an ɗauke wuta wurin yanka, har sai ya ga lokaci ya ƙure ba ki da damar komawa wani wuri, sannan ya fara neman ƙari. Kuma sun fi ƙarfi watan Sha'aban da bayan Sallah, lokacin da kowane lungu ɗaurin aure ake kuma masu ɗab'i na gari aiki ya yi musu yawa.

Ga yadda tat kasance da ƙanwar matata. Farashin da yab ba ta bai kai rabin na kasuwa ba, yac ce wai ragowar kwantena ce suke son su kwashe. Yac ce ta tura rabi, tat tura. Bayan 'yan kwanaki yat turo hoton kwali an naɗe da salatif an rubuta sunanta da Sokoto da maka, wato alƙalamin nan mai kaurin rubutu, abin da yas sa hankalinta yak kwanta ke nan, alhali kwali da maka kowa na iya samu. Sai yac ce a cika sauran kafin a ɗora a mota, tac cika. Washegari wata lamba daban tak kira, murya ta daban, wai shi direba ne ya taso Legas yana Kwantagora, ba a biya kuɗin waybil ba, wato kuɗin ɗauko kaya a mota, in ba ta turo ba za ya sauke kayan a tasha ya wuce. Tat tura. Sai wai mota ta lalace Yawuri. Sai wai kwastan sun tsare su kusa da Jega suna neman kuɗin takarda. Nan mijinta yac ce a'a tsaya, katin aure wace irin haramtacciyar kaya ce, yac ce ma direban ya kunna bidiyo kol ya nuna motar da kwalin. Ɗif. Lambar direba a kashe, mai kati ya yi bulokin, shafin Instagram kuma an rufe wurin kwament. Ku lura da yadda sunka jera garuruwan, Kwantagora, Yawuri, Jega, daidai hanya, duk wanda yas san hanyar Legas zuwa nan sai ya yarda, kowane gari sunka ambata sai ka ji ai kaya sun ƙara matsowa, asarar ɗan abin da yar rage ta fi sauƙi bisa ga asarar duka.

Na maƙwabciyarmu ya fi ban haushi wallahi, don shi wanga in kin yi magana cewa za ya yi ai na aiko. An yi da ita kati mai kauri 300gsm girman A5, abin da yaz zo wani lange-lange ne ɗan kauri kaɗan bisa takardar fotokwafi, zanen zinarin da ke ƙyalli a hoto ashe rawayar tawada ce anka buga, bandir ɗin sama da na ƙasa sun cika amma na tsakiya an rage, wasu ma yankan ya karkace. Araha ba ta ado dama.

Bari in tsaya nan kaɗan don wanga gsm shi suke rufe mutane da shi. Nauyin takarda ne, giram nawa murabba'in mita ɗaya yake. Takardar fotokwafi da munka sani 70 ko 80 take. Katin gayyata na mutunci daga 250 zuwa 300. Kuma ba sai kin yi gardama da kowa ba, sikeli na raba ku. A5 tsawonta milimita 210 faɗinta 148, in kati 300gsm ne na gaske guda 100 za su yi wajen giram 930, kusan kilo ɗaya, ban da ambulan. In 250 ne wajen giram 780. In kinka ɗora guda 100 kinka ga rabin kilo, to 160 anka ba ki ko da mi anka rubuta bisa leda. Ƙaramin sikelin masu yin kek ya isa. Na maƙwabciyar tamu da munka auna ko rabin kilon bai cika ba.

Sai ambulan, nan ma akwai cuta. Kowane kati da ambulan nai. A5 na shiga ambulan C5, mai milimita 162 da 229. A6, wato rabin A5, na shiga C6 mai 114 da 162. Doguwar nan ta wasiƙar ofis DL take, 110 da 220, ita A4 anka naɗe uku take ɗauka. Akwai kuma katin inci 5 da 7 da ake kawowa daga waje, shi ambulan nai daban take, ya fi ƙarfin C6 kuma yana yawo cikin C5. Ita maƙwabciyar tamu an aiko mata katin A5 da ambulan DL, sai dai a lanƙwasa kati, kuma gam ɗin bakinsu ya bushe wasu sun manne da junansu tun cikin leda, kun dai san zafin garin ga. Da tay yi ƙorafi yac ce ai ba ta faɗi saiz ba. Shi yas sa komi a rubuce, da lamba, cikin saƙon waya, ba a murya ba.

Wata ƙaryar da suke yi ita ce "yana shiga kowace firinta". Babu katin da ke shiga kowace firinta. Ƙananan firintocin leza na gida da na ofis yawancinsu ba su jan kati mai kauri sosai, sai ya maƙale, kuma zafin cikinsu na iya narka gam ɗin ambulan ko ya ɓata adon da ke bisa kati. Masu tankin inki irin Epson da yara ke sana'a da su sun fi jan kati in ta baya anka sa shi ɗaya-ɗaya, amma in katin mai santsi ne irin at kad na injin ɗab'i, ba wanda anka yi don inki ba, tawada ba ta kama shi, ki taɓa da yatsa ta goge ko bayan awa nawa. Littafin firintarki ya faɗi iyakar gsm da take ɗauka, a duba kafin a yi oda. Mai kayan gaskiya shi da kanai za ya tambaye ki wace firinta gare ki. Wanda bai tambaya ba ko dai bai san kayan ba ko ba ya da su.

Ni dai shawarata, kada a faɗi ranar biki ma wanda ba a sani ba, ba ruwan mai sayar da takarda da ita. A nemi bidiyo kol ya nuna shago da kayan, ya ɗauki kati ya lanƙwasa gaban kyamara, ya sa shi cikin ambulan kina gani. In yac ce netwok ba kyau kullum, kin samu amsa. Hotunan da yat turo a sa su Google Lens, manhajar da ke binciko inda hoto yaf fito, namu da munka gwada sai ga su a shafukan 'yan kasuwar Chana. Shafin Facebook na nuna ranar da anka buɗe shi da sunayen da yat taɓa amsawa, Instagram ma na nuna watan da anka buɗe akawun da sau nawa anka canza suna, shafin da bai fi wata biyu ba yana cewa shekara goma muna hidima ku yi hankali. In yac ce yana da rajista, shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, na da wurin bincike kyauta, a sa sunan a gani. Kuma sunan da yaf fito lokacin tiransifa ya dace da sunan kasuwancin ko na mai shi, ba wai ana ciniki da kamfani a ce ki tura ma OPay ko PalmPay na "yaron shago" ba, gobe kuma a ba ki wata lamba daban.

Sannan a fara da sampul, guda 10 ko 20, a buga a gani. In Kano ko Kaduna kayan suke ai ba mu rasa ɗan uwa ko ɗalibi can da za ya taka ya gani da idonai, ya ɗora a motar Sakkwato ya turo lambar direba, ki je tasha ki karɓa ki biya kuɗin waybil hannu da hannu. Direban gaske kuɗinai na tasha ne, ko an biya wurin lodi ko a biya wurin saukewa, ba ya kiran mai kaya daga tsakiyar daji yana neman tiransifa. Kai ni fa ban ga abin da ke kai mutum nesa ba ma, masu kayan takarda na nan cikin gari, a leƙa babbar kasuwa, a tambayi masu ɗab'i, da yawansu in kin yi magana za su yanka miki farin kati daga babban falle daidai girman da kike so, ki taɓa da hannunki ki kai gida guda biyu ki gwada. Ko da ya ɗan fi tsada kin san ƙofar da za ki koma.

Wanda kuma abin ga yar riga yas same shi, kar kunya ta sa a yi shiru, na san mata da yawa ɓoyewa suke don kar maigida ya ji an taɓa kuɗin biki, kuma shirun nan suke so. A ɗauki sikirinshot na hira duka da risit na tiransifa da lambobin kafin su goge, a kira banki ko a je ranar nan take a shigar da ƙorafi a rubuce a karɓi lambar ƙorafin, don in an yi sauri akan iya riƙe asusun kafin a kwashe. In banki bai yi komi ba cikin sati biyu ana iya kai ƙara sashen kare masu hulɗa na CBN, babban bankin ƙasa. A kai rahoto wurin 'yan sanda, EFCC ma na da ofis nan Sakkwato. Ban ce lalle kuɗɗi za su dawo ba, na ƙanwar matata har yanzu ana bi.

Kuma a kula da zagaye na biyu. Bayan tay yi cigiya a wani guruf na mata, wani yab biyo ta inbos wai shi jami'i ne yana iya dawo da kuɗin cikin awa 24 in ta biya kuɗin buɗe fayil. Su ne dai, ko abokansu. Satin nan ma mun ga tallar ta dawo da sabon suna, hotunan nan dai, katin ruwan madara mai zanen zinari da jan kirtani bisa farin tebur, an rubuta saura katan kaɗan. Wanda yag gan ta ya danna rifot ya gaya ma na kusa da shi.