Me za a saya wa yaro mai koyon manya da ƙananan baƙaƙe?

Da Oktoba ta ƙarato, ana shirin komawa lakkwal, babbar kasuwar Maradi sai ta cika da kayan koyon baƙaƙe: kwalaye masu hotuna na maƙalawa a bango, haruffan roba, littattafan ɗigo-ɗigo da yaro ke bi da fensir, har da na'ura mai magana. Kusan duk na saya wa ɗiyata su. In shawarata kike so, sayi allon lakkwal da alli.

Baƙaƙen faransanci 26 ne, kowanne da babba da ƙarami. Wasu ba wuya: C da c, O da o, S da s, girma kawai ya raba su, kamar uwa da ɗiya. Amma A da a, G da g, R da r, ko kama ba su yi ba. Ga kuma b da d, p da q, masu juya wa yaro kai. Kallo kaɗai ba ya maganin wannan, sai hannu ya yi ta maimaitawa. Da allo, nakan rubuta babban a hagu, ƙaramin a dama, ta kwaikwaya a ƙasa, ta goge da tsumma, ta sake. Ba ta tsoron kuskure, tunda ba kaye (littafin rubutu) ba ne balle a yi mata faɗan ɓata takarda. Kuma rubutun da mushe, wato malamin lakkwal, ke yi a aji mai haɗe-haɗe ne, manyan baƙaƙensa duk lanƙwasa, ba irin na ɗab'i ba. A kan allo sai ki nuna mata iri biyun gefe da gefe. A nan ne ma na koya mata Ɓ, Ɗ, Ƙ da Ƴ namu, waɗanda ban taɓa gani a kwalin kasuwa ba. Nemi allo mai layi a fuska guda, don ta san inda wutsiyar g ke sauka.

Kwalin bango ado ne. Haruffan roba, mako guda kin nemi rabi kin rasa, kuma akwai tsoron ƙaramin ƙanenta ya jefa ɗaya a baki. Littafin ɗigo-ɗigo ba laifi, sai dai in ya cika ya ƙare.

Na'urar nan mai magana ce ta ƙona ni. Jaka uku na ba wani mai tebur, ya rantse mini da faransanci take yi. Muka zo gida muka sa batir, ashe Ingilishi ce zalla, irin kayan da ke shigowa ta Jibiya. Ba wai Ingilishi aibu ba ne, amma a can E ana kiranta "i", G kuma "ji", alhali a faransanci J ce "ji". Sai da mushe ya kira ni: "Maman yarinya, wa ke koya mata a gida?" Na koma wurin mai teburin, ya ce shi bai taɓa ganina ba. Haka kwalayen: in kika ga tuffa kusa da A, kare kusa da D, na Ingilishi ne, ajiye shi. Wasu ma an buga su da gaggawa, an tsallake harafi, don haka ƙirga su a gaban mai kaya.

Allon ma akwai na jabu, kwali ne aka shafa wa baƙin fenti. Jiƙa yatsa ki goga a gefensa: in ya kumbura ko ya bar miki baƙi a hannu, mayar masa. Ki ce ya ba ki alli ki ja layi a nan take. In allin na zamewa bai kama ba, ba ki samu allo ba tukuna.